Ga masu riƙon jariran mage

Jama'a, wanda ya tsinci jariran mage marasa uwa, don Allah kada ya ba su madarar shanu, zawo take sa su. A nemi tasu ta musamman wajen likitan dabbobi, a ɗura musu kaɗan-kaɗan da sirinji duk bayan awa 2 zuwa 3, har cikin dare (barci kam sai haƙuri). Rub da ciki ake shayar da su, a rigingine suna shaƙewa. Bayan nan a goga musu gindi da tsumma mai ɗumi, don kafin sati 3 ba sa iya fitsari da kansu.

Magen titi kuwa da aka yi wa aikin hana haihuwa, a tsare ta kwana 2 ta warware, sannan a mayar da ita inda aka kamo ta.