Babi na Shida: Gano Inda Iska da Baƙin Mai Ke Yoyo a Mota Mai Tarbo

Darasi na farko: Hanyar iska

Ku kashe mota, ku bar injin ya huce sosai kafin ku buɗe bonet, domin tarbo, wato na'urar da ke matsa iska ta tura ta cikin injin, yana aiki ne da hayaƙin salansa, kuma zafinsa yana iya saɓule fatar hannu. Ku fara daga filtar iska, ku bi babban tiyo da yatsa har zuwa tarbo. Daga tarbo akwai wani tiyo da ke kai iska zuwa intakula, wato abin da ya yi kama da ƙaramin lagireto, wanda a motoci da yawa yake gaban lagireton ruwa, sannan daga nan iskar ta shiga injin. Tsakanin tarbo da injin iskar a matse take, shi ya sa ko ƙaramar ɓula ce sai ta tsere ta nan. Alamarta ita ce mota ta rasa ƙarfi idan ta ɗauko buhunan riɗi daga kasuwar Maigatari, a ji fito ko huci idan an taka totur, kuma mai amfani da man gas ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi.

Darasi na biyu: A goge tukuna

Wannan shi ne inda mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka ku karanta a hankali, kada kuma wanda bai gane ba ya ji kunyar maimaitawa. Iskar da ke cikin tiyo tana ɗauke da ɗan tururin baƙin mai, saboda haka duk inda take yoyo za a ga maiƙo, ƙura ta manne a kai. Amma motar da ta shekara tana bin hanyar birji ko'ina maiƙo ne da ƙura, ba za ku bambance sabon yoyo da tsohon datti ba. Ku samo tsumma da ruwan sabulu, ku goge kowane tiyo, musamman bakinsa inda kilif ya ɗaure shi, har da ƙarƙashinsa inda ido ba ya kaiwa. Ku bari ya bushe. Bayan nan a tuƙa motar a ɗan taka ta sosai, a dawo, a bari ta huce, a sake dubawa. Inda sabon maiƙo ya fito, nan ne ɓular take.

Ina sake faɗa: a goge tukuna, sannan a tuƙa, sannan a duba. Wanda ya goge sama ya bar ƙasa bai goge ba. Wanda ya goge bai tuƙa ba, ba abin da zai gani. Abin takaici ne magidanci da gemunsa ya tsallake aikin tsumma don yana ganin na yaran gareji ne, sannan ya je ya sayar da tumakinsa ya sayo tarbo a Kano, alhali kilif ne kawai ya saki. Wannan ganganci ne, kuma ba na son in sake ganinsa a ajin nan. Ku goge tukuna.

Darasi na uku: Mai a cikin tiyo

Ku kwance kilif, ku zare tiyon da ke ƙasan intakula. Ɗan maiƙo a jikinsa ba laifi ba ne, amma idan mai ya taru har yana zuba, ko salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, kada a tayar da motar sai an tsiyaye shi, domin injin mai amfani da man gas yana iya zuƙe man ya yi ta gudu ko an zare makulli. Kafin ku zargi tarbo, ku duba filtar iska ko ƙurar hunturu ta toshe ta, ku duba geji ko baƙin mai ya wuce layin sama, ku duba bututun da ke mayar da mai daga tarbo zuwa ƙasan injin ko ya toshe.

Darasi na huɗu: Fankar tarbo

Injin yana kashe, ku cire tiyon gaban tarbo, ku kama tsakiyar fankar ku motsa ta. Ɗan motsi gefe da gefe babu komai. Idan tana shiga tana fita, ko tana gogar bango, a kai wa makanike.