Masu zuwa Indiya, ga yadda ake ganin Taj Mahal

Salamu alaikum 'yan uwa na Ringim da kewaye. Masu raka mara lafiya ko kai yaro karatu Delhi, in Allah ya ba da sauƙi ku ware wuni ɗaya ku je Agra, garin da Taj Mahal yake, da iyali. Sarki Shah Jahan ne ya gina wurin don ya zama kabarin matarsa Mumtaz Mahal, wadda ta rasu wajen haihuwa a 1631.

Kada ku je ranar Juma'a, a rufe yake. Jirgin ƙasa na Gatimaan yana tashi daga tashar Nizamuddin ta Delhi da safe, tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Ku riƙe fasfo. Tikitin shiga Taj Mahal na baƙi daban yake da na 'yan ƙasa, shiga ɗakin kabarin kuma sai an ƙara kuɗi, sannan ba a ɗaukar hoto a ciki.

Alhaji, a bar abinci, taba da babbar jaka a masauki, a bakin ƙofa ake tsayar da su. Goro ma gara a bar shi.

A Disamba da Janairu hazon safiya yakan rufe ginin kamar hunturun gida, sai hantsi ya daga yake washewa. Da yamma ku tsallaka kogin Yamuna zuwa lambun Mehtab Bagh, can babu turmutsutsu, Hajiya ta zauna ta kalla a natse.