Yadda ake haɗa takardun iyali kafin ƙetare iyakar ƙasa

Jami'in shige da fice a Illela, Jibiya, Maigatari ko Seme abu uku yake son ya tabbatar: wane ne kai, ɗan wace ƙasa ne, sannan yaran nan da ke tare da kai na wane ne. Magidanta kan shirya wa biyun farko, na ukun ne ke sa a sauke iyali daga mota.

Fara da takardar tafiya, kowa da tasa. An daina rubuta yara a cikin fasfon uwa ko na uba, don haka ko jaririn goye sai an yi masa nasa. Fasfon Najeriya iri biyu ne, mai shafi 32 na shekara 5 da mai shafi 64 na shekara 10, amma na shekara 5 ake ba ƙananan yara. Duba ranar ƙarewar kowanne, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai kai saura wata 6 ba. Idan Benin, Togo ko Ghana za ku, takardar tafiya ta ECOWAS mai shekara 2 ta wadatar, kuma yarjejeniyar 1979 ta ba ku damar zaman kwana 90 babu biza. Kamaru da Chadi ba sa cikin ƙungiyar, can sai fasfo. Nijar ta fice a ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso, saboda haka mai zuwa Maraɗi ko Ƙonni ya fi kyau ya riƙe fasfo.

Katin zaɓe da lasisin tuƙi ba takardun tafiya ba ne. Lambar NIN ma ba ta nuna mutum ɗan ƙasa ne, tunda ana ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, sai dai ba a yin fasfo sai da ita, har yara.

Na biyu, takardar haihuwar kowane yaro. Wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta bayar ake nufi, ba 'yar takardar da asibiti ke miƙa wa mai jego ba. A nan ne al'adarmu ta suna ke kawo cikas. Matar Bahaushe ba ta cika sauya sunan mahaifinta ba, sai ka ga fasfon uwa na ɗauke da sunan babanta, na ɗanta kuma da sunan babansa ko ma sunan garinsu. Babu abin da ya haɗa su a rubuce in ban da takardar haihuwa, wadda ke da sunan uwa da na uba. Shimfiɗa takardun gaba ɗaya a tabarma ka bi su harafi-harafi. Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, ko Umaru a Najeriya, Oumarou a takardar da aka yanka a Damagaram, ya isa a tsare ku ana tambayoyi. A ofishin NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, ake fara gyara, domin daga can fasfo ke ɗauko suna da ranar haihuwa.

Iyalin da aka yi auren ƙetare su lura: a sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999, yaron da ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ko a waje aka haife shi. Matar da aka auro daga wata ƙasa kuwa aure kaɗai bai mayar da ita 'yar Najeriya ba, sai ta nemi rajista. Kafin nan da takardar ƙasarta za ta yi tafiya, a haɗa da shaidar aure.

Na uku, takardar izini, duk lokacin da yaro zai tafi ba tare da iyayensa biyu ba. Wanda ya zauna a gida ya rubuta cikakken sunan yaron, ranar haihuwarsa, lambar fasfonsa, sunan mai rakiya, garin da za a je da ranar dawowa. Ya sa hannu da lambar waya mai shiga, a liƙa kwafin fasfonsa ko katinsa, sannan a kai kotu a buga hatimi. Kaka ko gwaggo mai riƙon yaro ita ta fi kowa buƙatar wannan, don jami'ai na sa ido kan safarar yara, kuma “ai ɗan ƙanwata ne” ba ta gamsar da su. In uban ya rasu, a tafi da shaidar rasuwa. In aure ya mutu, a tafi da takardar kotun da ta ba da riƙo.

Na huɗu, katin rigakafin cutar shawara, wanda jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa. Daga wata 9 ake yi wa yaro allurar, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, don haka kada a bari sai gobe tafiya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

A bakin iyaka ku sauko gaba ɗaya a ga fuskar kowa, kuma ka tabbata an buga hatimin fita da na shiga a kowace takarda. Direban da ya ce zai zagaya da ku ta daji, a dawowa ne za ku gane kurenku, lokacin da aka nemi hatimin shiga aka rasa. Takardun asali su zauna a jikinka cikin leda, kwafinsu a wata jaka daban, hotonsu a waya. Idan fasfo ya ɓata a can, kai rahoto ga 'yan sanda, ka je ofishin jakadancin Najeriya da kwafin, a ba ka takardar gaggawa ta komawa gida.