Hutun Haihuwa a Najeriya: Kurakuran da Ma'aikata Mata da Masu Wuraren Aiki Suka Fi Yi

Yawancin rigimar da ke tasowa kan hutun haihuwa tun wata na huɗu ko na biyar ake shuka ta, lokacin da mai ciki ke jin nauyin sanar da shugabanta, shi kuma ya ga alama ya kau da kai. Kunyar cikin fari abu ne da muka sani, amma doka da takarda take aiki.

Kuskuren farko shi ne rashin sanin dokar da ta hau kanki. Sai ki ji mace na cewa ai hutun haihuwa wata shida ne, domin haka yayarta ta samu. Wata shidan nan na ma'aikatan wasu gwamnatocin jihohi ne, kamar Legas da ta fara a 2014 da Kaduna a 2019. Tsofaffin dokokin aikin gwamnatin tarayya na 2008 sun ba da mako 16 da cikakken albashi kafin a sabunta su a 2021, kuma a shekarar ce aka amince wa maza kwana 14 idan matansu suka haihu. Mai aiki a masana'anta, kanti, gidan mai ko gona kuwa, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ne madogararta: mako shida kafin haihuwa, mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki a wurin ba yankewa. A Jamhuriyar Nijar mako 14 ne, don haka kada a haɗa lissafin.

Akwai wani lungu a nan da mutane ba su cika lura da shi ba. Sashe na 91 ya cire masu aikin gudanarwa, manyan jami'ai da ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci". Ke nan manaja a banki ko akanta a kamfani, abin da ke rubuce a takardar ɗaukarta aiki da kundin ƙa'idojin kamfanin shi ne abin riƙonta na farko. Gyaran shi ne ki ɗauko takardar nan tun kafin ciki ya tsufa, ki nemi layin da ya yi maganar haihuwa. Idan babu takardar kwata-kwata, ki nema. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa.

Sai kuskuren da ya fi kowanne jawo asara, wato sanarwa da baki. "Oga, ciki ya tsufa, zan tafi gida." "To, Allah ya raba lafiya." Shi ke nan, an rabu ba takarda. Bayan wata uku ta dawo ta tarar an sa wata a kujerarta, an kuma rubuta cewa ita ta bar aiki da kanta. Abin da doka ta nema shi ne takardar likita mai rajista da ke nuna cewa ana sa ran haihuwa cikin mako shida. Katin awo shi kaɗai ba ya wadatarwa a wurare da yawa, ki roƙi likita ya rubuta takarda mai ɗauke da kwanan wata, sa hannu da hatimin asibiti. Ki haɗa da wasiƙarki mai faɗin ranar tafiya da ranar dawowa, ki yi kwafi biyu, a sa hannu a kan naki cewa an karɓa. Ki ɗauki hotonsa a waya. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ana son ta miƙa takardar likita aƙalla wata biyu kafin ranar da ake sa rai.

Mata da yawa kan daure su yi aiki har naƙuda ta kusa, da niyyar su tara makonnin goma sha biyun duka bayan haihuwa. Niyyar mai kyau ce, domin jariri ya fi bukatarta a lokacin. Sai dai Dokar Ƙwadago ba ta ce makonnin da ba a ci ba a gaba za su koma baya kai tsaye ba. Wurare da yawa suna yarda, amma sai an yi yarjejeniyar a rubuce tun da wuri. In ba haka ba, tana gama arba'in za a kira ta.

Makonni shidan bayan haihuwa kuwa ba na ciniki ba ne. Kwana 42 ne, kusan daidai da arba'in ɗin wankan jego, kuma lafazin dokar shi ne ba a yarda a bar ta ta yi aiki ba. Ko ita ta roƙa saboda rabin albashi bai ishe ta ba, mai wurin da ya karɓe ta a mako na uku ya saɓa doka. Haka kiran waya a ce ta ɗan leƙo ta haɗa lissafin ƙarshen wata, ko a tura mata aiki ta WhatsApp. Jikin da ya haihu bai gama komawa ba, balle wadda aka yi wa tiyata. Wannan hutu an rataya shi ne a kan haihuwar kanta, saboda haka matar da jaririnta bai zo da rai ba, ko ya koma, ita ma tana bukatarsa, kuma bai kamata a ce mata ai babu goyo ba.

Ta ɓangaren masu wuraren aiki, kukansu na gaskiya ne. A Najeriya babu wani asusun gwamnati da ke biyan albashin mai jego a kamfanoni masu zaman kansu, daga aljihun mai wurin yake fita. Kuskurensu shi ne rashin lissafi da wuri. A ɗauki ma'aikaciya mai albashin naira 80,000. Rabinsa 40,000 ne, a wata ukun ya kama kusan 120,000, sai kuɗin wanda zai riƙe wurin. Wanda ya san da maganar tun wata biyar kafin lokaci zai iya ware kuɗin kaɗan-kaɗan, ya ɗauki mai riƙon ƙwarya da takardar da ta faɗi ranar ƙarewar aikinsa, ya kuma ba su mako biyu tare domin a miƙa makullai, littattafan lissafi da lambobin abokan ciniki. Kuɗin asibiti dai doka ba ta ɗora masa ba, sai in yarjejeniyar aiki ko inshorar lafiya ta tanada.

Wanda bai yi lissafin ba shi ne kan faɗa kuskure mafi tsada, ya sallame ta. Doka ta hana ba mace takardar kora tana cikin hutun, ta kuma hana ba ta sanarwar da wa'adinta zai cika tana cikinsa. Kariyar ta haɗa da ƙarin kwanakin da likita ya tabbatar rashin lafiya ce da ta samo asali daga cikin ko haihuwar. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, tana da rassa a Kano, Kaduna da wasu biranen, kuma ta taɓa yanke hukuncin cewa korar mace saboda ciki wariya ce, ta sa aka biya diyya. Sharaɗin nan da wasu ke sa wa sabuwar ma'aikaciya cewa ba za ta yi ciki ba sai ta shekara biyu, abin kunya ne, kuma hujja ce da mai wurin ya rubuta a kan kansa.

Ranar dawowa ma ana tuntuɓe. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki, kuma dokar ba ta tambayi ko uwar na da aure ba. A aikin gwamnatin tarayya awa biyu ce kullum har wata shida daga ranar komawa. Rabin awa ba ta kai mace daga Sabon Gari zuwa Hotoro a Kano ta dawo, shi ya sa ya fi a haɗa su awa ɗaya ta tashi da wuri, ko a ware ɗaki mai ƙofa da tabarma inda mai raino za ta kawo jaririn. Idan kuma likita ya ƙara mata kwanaki, ta aika takardarsa ta isa ofis kafin ranar da aka sa za ta dawo, kada ta bari sai an neme ta.