Yadda Za Ka Gano Ɓoyayyun Kuɗaɗen Gini Kafin Ka Kafa Harsashi

Takardar kiyasin da magini ke rubuta maka ba ƙarya ba ce. Bulo, siminti, rodi da kuɗin aikinsa ya lissafa, ya tsaya a nan. Gidajen da kake gani sun maƙale a linta shekara da shekaru, har ciyawa ta fito a falo, yawanci abin da bai shiga takardar ba ne ya cinye kuɗin rufinsu. Ga yadda za ka tono waɗannan kuɗaɗe tun ba a ja igiya ba.

Da farko, je ka ga filin da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Duba inda ruwa ya kwanta, ka kuma tambayi dattawan unguwa ko wurin kududdufi ne a da, don a Kano an cike kududdufai da yawa da shara an yanka su filaye. Sannan ka tsaya a kan titi ka kalli filin. In ya yi ƙasa da titi, ko kuma titin ba a zuba masa kwalta ba tukuna, to dole a ɗaga gidan, domin ranar da aka yi titi za a ƙara masa tsayi, ruwa ya dawo zaurenka.

A nan ne sababbin masu gini ke shan kashi. Magini ya rubuta layi uku na bulo mai inci 9 a harsashi. Ana haƙawa sai a tarar da laka ko tsohuwar bola, a ce sai an zurfafa, layi uku ya koma shida ko bakwai. Kowane layin ƙari yana jan abu uku: bulon kansa, kankaren da za a ɗura a ramukansa, da ciko. Cikon nan shi ne ba wanda ke rubutawa. Yi lissafinsa da kanka: gini mai faɗin mita 12 da tsawon mita 15, in za a ɗaga shi rabin mita, yana buƙatar ƙasa kubik mita 90. Tambayi direba nawa tifarsa ke ɗauka, don mai taya shida daban, mai taya goma daban, ka raba. Ka ƙara wasu tifofi a kai, saboda jar ƙasa tana zama in aka jiƙa ta aka daddaɓe. Kada ka yarda a yi maka ciko da baƙar ƙasa ko ɓaraguzan shara wai don arha; daɓen zai lotsa, tayil ya fashe, ka biya sau biyu. Kafin a zuba kankaren daɓe a yi feshin maganin gara a shimfiɗa leda. Kuɗinsu kaɗan ne, amma su ma ba sa cikin takarda.

Na biyu, ruwa. Ni a wurina doka ce: a haƙa rijiya ko burtsatse kafin a sauke bulo ko ɗaya. Kwaɓa siminti ruwa ne, ciko ruwa ne, kankare kuma yana son bayi aƙalla kwana 7. Wanda ya dogara da ’yan garuwa ko tanka, in ya tara abin da ya biya har zuwa filasta, zai ga ya kusa kuɗin rijiyar da ya ƙi haƙawa, kuma ba shi da rijiyar.

Na uku, takardu. Safiyo, zanen gini, da izinin hukumar tsara birane, wato KNUPDA ga mutanen Kano. Ka je ofis da ƙafarka ka ji kuɗin. Ginin da aka shafa wa jan fenti aka tsayar, siminti na daskarewa, ya fi izinin tsada.

Na huɗu, ƙananan kuɗaɗen da ake zarowa daga aljihu ba a rubutawa: dako, kuɗin sauke siminti, ’yan baro in mota ba ta shiga lungun, hayar katakon dekin da turaku, ƙusa, wayar ɗaure rodi, rumfar ajiya, da albashin mai gadi. Mai gadi ba ado ba ne, rodi da wayar wuta ƙafa gare su. Sayi littafi ka riƙa rubuta ko naira ɗari ce.

Sai farashi. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka ce ya koma tsakanin 7,000 da 8,000. Kiyasin da ya wuce wata uku a sake shi. In kuɗi ya zo hannu, sayi rodi da kwano ka ajiye, amma ban da siminti, yana shan laima ya zama dutse.

Kuma ka zaunar da uwargida a kan zanen tun farko. "Kicin ya yi kaɗan" bayan an kai linta rushe-rushe ne.

Daga rufi zuwa ƙarshen aiki abubuwan da aka fi mantawa su ne indararo, ƙarfen taga, sokawe, tankin sama da hasumiyarsa, mitar wuta da falwayar jawo ta in layi ya yi nisa, sai katanga da get. Katanga kaɗai kan ci bulon da ya kusa na ƙaramin gida. Haɗa duka, ka ɗora kashi 20 cikin ɗari, ka ajiye shi a asusun da magini bai san da shi ba.