Yadda ake auna manhajojin asibiti da mudu ɗaya kafin a saya

Masu ƙananan asibitoci a nan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, kusan a rami ɗaya suke faɗawa. Dillalai uku su zo da laftof, kowa ya ce tasa "tana yin komai", mai asibiti ya ɗauki wadda allonta ya fi ƙyalli. Ni dokata, kada wanda ya buɗe kwamfuta sai takardarka ta kammala.

Takardar ita ce mudun. Kowane layi aiki ɗaya, da suna ɗaya da duk dillalan za su amsa a kansa. Ba sai ka ƙirƙiro sunayen ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irin wannan jeri a 2018, ta sabunta shi a 2023, ta kasa ayyukan gida 4: na mai neman lafiya, na ma'aikacin lafiya, na masu gudanarwa, sai na bayanai. Kyauta yake a intanet. Tsinci abin da ya shafe ka. Layi 15 zuwa 20 sun ishi ɗakin haihuwa.

Yanzu ga inda na ƙone. Na taɓa rubuta wa wata Hajiya mai ɗakin haihuwa layi guda: "NHIS", wato inshorar lafiya ta ƙasa. Dillalin ya ce tana yi, na sa alama. Ƙarshen wata ta kira ni: "Ɗana, zo ka ga aikinka." Na tarar da yarinyar da ke rajista da tulin fayil a cinya, tana sake buga kowace mace ɗaya bayan ɗaya a CLAIM-it, manhajar neman biya ta hukumar inshora. Ashe lambar kati kawai manhajar da muka saya take ajiyewa. Bai yi ƙarya ba, ni ne na bar masa kalmar a buɗe.

Don haka ka fasa kowace babbar kalma. NHIS layi uku ne: tana ajiye lambar kati? Tana liƙa wa cuta lambar ICD-10 (jerin lambobin cututtuka na duniya) da farashin G-DRG (tsarin farashin da hukumar inshora ke biya da shi)? Tana fitar da takardar neman biya ba sai an sake bugawa ba? Amsa kuma iri uku kaɗai za ka karɓa: akwai, babu, ko sai an ƙara kuɗi. "Muna kan aikinsa" babu ne, rubuta babu.

Sai ka gwada sunayen cututtuka da hannunka. Buga zazzaɓin cizon sauro ka ga ko za ta ba ka zaɓi tsakanin B50, mai falsifaram, da B54 wanda ba a tantance irinsa ba. Hawan jini ya fito I10. In ta bar kowane nas ya rubuta yadda ya ga dama, to ranar tura rahoton wata zuwa DHIMS2, tsarin tattara rahoton asibitoci wanda Hukumar Kula da Lafiya ta Gana ke amfani da shi tun 2012, da biro za ku ƙirga. Tambayi kuma shirinsu kan ICD-11, magajin ICD-10, da ya fara aiki a 2022.

Sauran da sauƙi. Ɗakin gwaji, tambayi LOINC, tsarin lambobin gwaje-gwaje. Musayar bayanai da wata manhaja, tambayi FHIR, ƙa'idar da manhajoji ke bi su miƙa wa juna bayanan lafiya. Zare wayar intanet a gabansu, ka kashe wuta kamar an yi dumso, ka ga ko rajista za ta ci gaba. Bayanan marasa lafiya naka ne, kuma Doka ta 843 ta 2012, dokar kare bayanan mutane ta Gana, kai za ta kama in suka ɓalle, saboda haka a rubuta yadda za ka kwashe su ranar rabuwa. Farashi a sidi, ba a dala ba, har da kuɗin shekara.

Jera takardun uku gefe da gefe, ka ƙirga "babu" a layukan da ba ka iya aiki sai da su, ka ajiye mai "babu" mafi yawa, sannan ka kira biyun da suka rage su buɗe laftof.