Yadda Ake Saita Kyamarori Su Bi Mutum Fiye Da Ɗaya A Garke Ko Sito

Kyamara mai juyi, wadda masu sayarwa ke kira PTZ, ido ɗaya gare ta. Idan ta zuƙo wanda ke tafiya ta gabas, duk abin da ke faruwa ta yamma ya wuce ta. Ɓarayin shanu kuwa ba sa zuwa ɗai-ɗai: wani ya gifta ta bakin hanya ya ja hankalin kyamarar, biyu su kwance igiya ta baya. Saboda haka mai garke a Wudil ko mai siton riɗi a Maigatari kada ya dogara da mai juyi ita kaɗai. Raba aikin ake yi, wasu idanu su gano, ɗaya ya tantance.

Fara da kyamarori masu tsayuwa wuri ɗaya, masu gilashin milimita 2.8 ko 4, don su ɗauki fili da faɗi. Ka ɗaura su mita 3 zuwa 4 daga ƙasa, kallon kowace ya shiga na maƙwabciyarta da kamar mita biyu, don kada mutum ya ɓace a tsakani. Kada su fuskanci fitowar rana ko faɗuwarta. Mai juyin ta hau sama da su, mita 5 ko 6, inda take hango ko'ina. Idan kallonta na faɗawa cikin gidan maƙwabci, ka rufe wannan ɓangaren a manhaja. Tsaron dukiyarka bai halatta maka leƙa iyalin wani ba.

Sai haɗa su. A tsayar da yaro a wurare aƙalla huɗu, shida sun fi, a warwatse ba a kan layi ɗaya ba. A kowane wuri ka danna daidai tafin ƙafarsa a hoton mai tsayuwa, ka juya mai juyin har ƙafar ta zo tsakiyar hotonta, ka adana. Ƙafa, ba kai ba, domin ƙasa ce ma'aunin da duka biyun suka sani. Idan iskar damina ta karkata falwayar ko da kaɗan ne, a sake wannan aikin daga farko.

Na'urar da ke sarrafa hotunan kyamarorin tana ba duk wanda ta gani lamba, ta yi hasashen inda zai kai a hoto na gaba bisa saurinsa, sannan ta gwada hasashen da abin da ta gani. Wannan lissafi na Rudolf Kalman ne, tun 1960. Inda yake tuntuɓe shi ne idan mutum biyu suka gifta juna, ko ɗaya ya shige bayan darbejiya: sai lambobin su musanya. Maganinsa, kada hotuna su gaza 15 a daƙiƙa, kuma a bar lambar wanda ya ɓace ta jira daƙiƙa biyu ko uku kafin a goge ta. Ka zaɓi gano mutum da mota kawai, in ba haka ba kowace akuya sai ta samu lamba.

Yanzu ga inda akasari ake ɓata aikin: wa mai juyin za ta bi idan sun kai uku? Ka raba filin gida uku a manhaja bisa muhimmanci, ba faɗi ba. Bakin hanya shi ne mafi ƙanƙanta, jikin shinge na tsakiya, turakun shanu ko ƙofar sito mafi girma. Wanda ke yanki babba shi ke da kyamara. Idan biyu suna yanki ɗaya, a fifita wanda ba a ɗauki fuskarsa ba tukuna. Ta tsaya kan kowa daƙiƙa 5 zuwa 8, kuma kada ta saki wanda take bi sai lokacinsa ya cika ko wani ya shiga yankin da ya fi nasa. Idan babu wannan ƙa'idar, za ta yi ta safa da marwa tsakaninsu, da safe ka buɗe ka tarar da hoto duk dishi-dishi, ba fuska ko ɗaya. Zuƙowa ma da iyaka: mutum ya cika kamar rabin tsayin hoton. Ya wuce haka, taku biyu ya fice. Idan fili ya yi tsit na daƙiƙa 20, ta koma kallon turaku.

Na'urar jin ɗumin jiki tana taimakawa a lungun da babu kyamara, tana ji daga mita 10 zuwa 12. Amma a zafin Afrilu da Mayu, da bango da ƙasa suka kusa ɗumin jikin mutum, jinta yana raguwa. Aikinta ta kira mai juyi ta duba, ba ta tada gari da jiniya ba.

Wayar Cat6 mai ɗauke da wuta da hoto kada ta wuce mita 100. Mai juyi da dare tana iya cin wat 25 ko fiye, don haka duba takardarta kafin ka sayi akwatin rarraba wuta. Idan ya gaza, za ta riƙa mutuwa daidai lokacin da fitilarta ta kama tana juyi. Kayan da ke cin wat 60 gaba ɗaya suna shan wat-awa 720 cikin dare mai awa 12. Batirin ruwa mai bolt 12, amfiya 200, rabinsa kawai ake ci, wato wat-awa 1,200, ya isa dare ɗaya. Batiri na biyu don ranar hadari ne da hazo, lokacin da sola ba ta samun rana sosai.

Da hunturu a goge gilashi da farantin sola duk mako da ƙyalle mai laushi. Fitilar dare tana jawo ƙwari, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a bakin gilashi, zaren ɗaya ya haske hoton gaba ɗaya.

Kafin ka sallami mai haɗawa, a gwada bayan isha'i da mutum uku: ɗaya ya yi ta zirga-zirga a bakin hanya, biyu su gifta juna a jikin shinge, sannan ɗayansu ya nufi turke a sunkuye. Idan mai juyin ta tsaya kan na bakin hanya, a koma kan rabon yankunan.